Shuɗin Fenti a Jikin Bishiyar Norbert

Norbert Wieberg ya shekara saba'in da huɗu a duniya, kuma a iya sanin mutanen ƙauyenmu bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba" ba. Ya yi kiwon aladu, cuta ta kwashe su, ya ce laifin likitan dabbobi ne. Ya koma kiwon talotalo, kasuwa ta faɗi, ya ce laifin gwamnati ne. Sau biyu yana takarar kujerar hukumar makaranta. A karo na biyu ƙuri'a goma sha ɗaya ya samu, alhali danginsa kaɗai sun haura talatin. Duk wannan bai rage masa fahariya ko ƙwaya ɗaya ba, saboda yana da abin da babu mai irinsa a duk tuddan jihar Misuri ta Amurka da ke kewaye da mu: bishiyar walnat ɗin da ke ƙofar gidansa, irin itacen nan mai 'ya'ya masu ɓawo da katako mai tsada.

Ba shi ya shuka ta ba, kakansa ma a tsaye ya tarar da ita, amma in ka ji yadda yake ba da labarinta sai ka rantse shi ya haife ta. Ƙarti uku sai sun haɗa hannu kafin su zagaye ta, kuma ta miƙe sambal ƙafa ashirin da biyu kafin ta fitar da reshen farko. Kowace shekara, ranar ɗaya ga Nuwamba, yana dawowa daga coci zai ɗauko igiya ya auna kaurinta, ya rubuta da fensir a ƙofar rumbu. Wani ma'aikacin gandun daji ya taɓa zuwa ya ɗauke ta hoto, aka buga a jaridar gunduma. Norbert ya yanko shafin ya sa a gilashi, ya rataye a falo, sama da hoton aurensa.

Babban abin taƙamarsa shi ne ƙarfe bai taɓa shiga jikinta ba. Masu sayen katako ba sa ko kallon bishiyar tsakar gida, don sun san cike take da ƙusoshi da guntayen waya da shekaru suka haɗiye, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta lalata wuƙar injin da ke yanka itace falle-falle don kayan ɗakin masu kuɗi. Ta Norbert kuwa tsarkakakkiya ce. Matarsa Marcella ta nemi a kafa mata ƙugiyar igiyar shanya tun tana amarya, ya hana. 'Ya'yansu huɗu sun yi kukan lilo har suka girma suka bar gari. Duk wanda ya tsaya a inuwar nan, ko da tambayar hanya ya zo yi, sai ya ji wannan huɗuba daga farko har ƙarshe.

Ita Marcella shekararta arba'in da tara a gidan. Kowace kaka ita ke sunkuyawa ta tsince 'ya'yan bishiyar ta ɓare, hannuwanta su rine baƙi ƙirin har Kirsimeti. Ba ta da yawan magana. Maza suna cewa haƙuri ne da ita. Mata kam sun san ba haƙuri ba ne, ajiya ce.

A farkon Nuwamban da ake magana, gwiwar Norbert ta matsa masa, tarakta kuma tana neman sababbin tayoyi. Sai ga Lonnie Pruitt, mai sayen katako, wani siririn mutum mai sanyin murya wanda ba ya rabuwa da tsinken sakace a baki. Ya ce yana son itatuwan walnat na gonar. Norbert yana da su wajen ashirin a bakin rafi, can ƙasan gona, waɗanda bai damu da su ba.

To, cinikin itace yana da tsarinsa, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe gatari ba ta san shi. Mai gona da mai saye su shiga daji tare. Duk bishiyar da aka amince, mai saye ya shafa mata fenti a daidai ƙirji, ya ɗiga wani a gindi. A ƙirga, a rubuta adadi, sannan a sa hannu. Norbert ya dubi gangaren rafi, ya dubi gwiwarsa, ya ce ba sai an wahala ba. Lonnie ya ɗora littafinsa a kan bonet ɗin akori-kura, ya sa takardar kabon, ya rubuta layi biyar: Norbert Wieberg ya sayar wa Lonnie Pruitt duk itatuwan walnat na gonarsa da kaurinsu ya kai inci goma sha takwas, a kan dala dubu talatin da takwas, za a shafa musu shuɗin fenti, za a sare bayan an rufe farautar barewa. Norbert ya ji farashin, ya danne murmushi, ya ce a ransa yaron nan bai san darajar itace ba. Ya rattaba hannu, ya karɓi kafin alƙalami.

Kuma akwai abin da yake ƙullawa. A iliminsa mai yawa, takardar da aka rubuta da hannu, ba hatimi, ba lauya, ba shaida, ba komai ba ce. Nufinsa ya kai wa wani mai sayen ya nuna, ko a ƙara masa. In an ƙara, ya yage ta Lonnie. A hanyarsa ta zuwa neman ƙarin ne ma ya biya ya sayi tayoyin tarakta da kuɗin Lonnie.

Ranar Laraba ya dawo daga gari da la'asar. Tun daga kwanar gida ya hango. Shuɗin zobe ya zagaye bishiyar a daidai ƙirji, ga ɗigo a gindi.

Ya tsayar da mota a tsakiyar hanya, ya manta da gwiwa. Ya taɓa fentin, ya bushe. Ya ɗago kai, sai ya ga Marcella ta tagar kicin tana wanke kwanuka. Ta dube shi, ta dubi zoben, ta ci gaba da wanke-wankenta.

"'Yan gandun daji ne," ya ce da ya shiga. "Alama ce ta bishiyoyin tarihi."

"To," in ji Marcella.

Ya shige rumbu ya kira Lonnie a waya.

"Kai yaro, wane mahaukaci ne ya ce ka taɓa ta ƙofar gida?"

"Takarda ce ta ce, Mista Wieberg. Walnat ce? Walnat ce. A gonarka take? A gonarka take. Ta kai inci sha takwas? Kai ka fi kowa sani, yana rubuce a ƙofar rumbunka."

"Ba a sayen bishiyar tsakar gida! Kowa ya sani!"

"Ba a sayen mai ƙusa. Sau uku kana tsare ni a inuwarta kana rantse mini ba ƙusa. Na yarda da kai, ko in ƙi yarda?" Ana jin Lonnie yana juya tsinkensa. "Tsakaninka da Allah, ka ɗauka 'yan sandunan nan na bakin rafi ne suka kai wannan kuɗi? Rabin farashin nata ne. Na riga na yi wa kamfani alkawarinta. Litinin mai zuwa ta sama, ƙarfe bakwai, muna nan da inji."

"Wannan tsumman takardar taka ba ta ɗaure ko akuya ba!"

"To ka tambayi 'yar ɗan'uwanka mana. Ai lauya ce."

Kwana tara ya ɗauka kafin ya je. A cikinsu ya goge fentin da buroshin waya har ya fara cin ɓawo, ya tsorata ya bari. Ya gwada kananzir. Ya je wurin ɗayan mai sayen, wanda ya karanta takardar ya miƙo masa da sauri kamar ta ƙona shi, ya ce shi ba ya shiga cinikin da aka riga aka ƙulla. Sai ranar Juma'a, saura kwana uku, Norbert ya sa rigar coci ya hau matakalar ofishin Janine Wieberg, 'yar ƙaninsa, wadda ya taɓa ba wa shawara ta bar karatun lauya ta koyi gyaran gashi.

Ta karanta sau biyu, ta ajiye tabarau.

"Baffa, wannan hannunka ne?"

"Rubutun hannu ne dai. Dubi, ba ko hatimi."

"Alƙali ba ruwansa da hatimi. Ko a bayan kwalin taliya aka rubuta, in akwai mai sayarwa, akwai mai saye, akwai abin da aka sayar da farashinsa, ga sa hannu, magana ta ƙare. Ka karɓi wani abu a ciki?"

"Ɗan kaɗan."

"Yana ina?"

"A ƙafar tarakta."

Janine ta runtse ido. "Ya tsorata ka? Ya ɓoye maka wani layi? Ka sha wani abu?"

"Ƙarfe goma na safe? Ke, ni kike tambaya haka?"

"To saura ƙofa ɗaya da na sani. Mu nemi likita ya shaida cewa hankalinka ya fara gushewa, ba ka san abin da kake sa wa hannu ba. Rabin ƙauye za su zo shaida kyauta, har da masu kawo abinci."

Norbert ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja har kunne. "Gara a sare ni tare da ita."

"Zauna, Baffa, wasa nake yi." Ta jawo takardar kuma, ta daɗe tana kallon ƙasanta inda suna ɗaya tak yake. "Tsaya. Gonar nan, sunan wa ke kan takardar mallakarta?"

"Nawa mana. Ta kakana ce."

Ta danna na'urarta, ta juyo masa da fuskar allon. Shekara talatin da suka wuce, lokacin da banki ya nemi a sabunta takardu bayan asarar aladu, an rubuta Norbert Wieberg da Marcella Wieberg, miji da mata. Shi ya manta. Ko kuma bai taɓa ɗauka layin yana nufin wani abu ba.

"Abin da mata da miji suka mallaka tare a haka, ɗaya ba ya sayar da shi shi kaɗai," in ji Janine. "In Inna Marcella ba ta sa hannu ba, Lonnie ba shi da ikon sare ko reshe."

Norbert ya washe baki. "Ai na faɗa! Na ce takardar banza ce!"

"Ba banza ba ce, kai ta ɗaure ka tamau. Ka sayar da abin da ba naka kai kaɗai ba, Lonnie na iya kai ka kotu kan asararsa. Bishiyar ce kawai ba ta ɗaure ba tukuna. In kuwa Inna ta ɗauki biro ta ƙara sunanta, shi ke nan, sai dai ka nemi wurin rataye hoton kututture." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ka dai yi shawara da ita kafin ka sayar, ko?"

Norbert ya ce yana sauri.

Da ya iso gida, akori-kurar Lonnie na fitowa daga ƙofarsa. Lonnie ya ɗaga masa yatsu biyu daga kan sitiyari, ya wuce. Ashe shi ma ya je ofishin rajistar filaye, don ba yau ya fara cinikin itace ba. A kan teburin kicin ga kofin kofi biyu da sauran burodin kirfa. A jikin firij kuwa ga asalin takardar an manne da maganaɗisu, an ja sabon layi a ƙarƙashin sunan Norbert, babu komai a kai. An ɗaure biro da zare a gefe.

"Me kika ce masa?" Muryarsa ta fito siririya.

"Na ce ya zo ranar Litinin da injinsa."

"Sannan?"

"Sannan ka cire takalmi, yanzu na goge ƙasa."

Asabar da Lahadin nan Norbert bai ci abincin kirki ba. Duk lokacin da ya buɗe firij, biron ya yi ta lilo a gaban hancinsa. Ya yi tunanin ɗauke takardar ya jefa a murhu, ya tuna ko ya haɗa da ta kabon da ke aljihunsa, Lonnie ya riga ya ɗauke ta hoto. Ya shiga kyautatawa irin ta wanda bai saba ba. Ya kwashe shara ba a ce masa ba. Ya wanke kofi ɗaya, ya fasa. A teburin cin abinci ya yi mata lacca kan shekarun bishiyar, da inuwar da take ba rufin gida, da abin da jikoki za su ce. Marcella ta saurara tana ɗinke maɓallin rigarsa. Ranar Lahadi a coci ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo har bayan kowa ya tashi, mata a layin baya suna zungurin juna. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai tambaye ta ba. Kalmomin suna zuwa maƙogwaronsa, su tarar babu hanyar da aka taɓa bi, su koma.

Litinin, bakwai saura kwata, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Motoci biyu suka tsaya, da wata doguwa ta ɗaukar gungume. Ma'aikatan Lonnie uku suka sauko, ɗaya ya zagaya bishiyar yana duban inda za ta kwanta ba tare da ta taɓa rufi ba. Wani ya ja igiyar injin sara don ya ɗumama. Ƙarar ta tsaga safiyar, tsuntsaye suka watse. Norbert yana tsaye ya jingina bayansa da bishiyar, da hular barci a kansa.

Ƙofar kicin ta buɗe. Marcella ta fito da rigar sanyi a kan rigar girki, takarda a hannu ɗaya, biro a ɗaya. Ba ta yi sauri ba. Lonnie ya ɗaga hannu, aka kashe inji. Ya cire hularsa.

"Barka da asuba, Madam Wieberg. Ga bonet nan, in za ki ɗora."

Ta ɗora takardar, ta cire murfin biro.

"Marcella," in ji Norbert, "ya kamata ki fahimci cewa bishiya irin wannan, a ƙididdigar masana..."

"Norbert, kwana uku ina jin wannan. Kana da wata magana?"

"Ina nufin, a shari'ance, ke ba dole ba ne ki..."

"Janine ta kira ni tun ranar Juma'a. Na san abin da yake dole da wanda ba dole ba." Ta kai bakin biro kan layin. "Akwai wata?"

Ma'aikatan suka sami abin kallo a ƙasa. Norbert ya dubi hannunta. Har yanzu da sauran baƙin ɓawon walnat a gefen farcenta. Ya cire hular barcin, ya murƙushe ta a ƙirji.

"Don Allah kar ki sa. Na yi wauta. Ban san abin da zan yi ba."

Marcella ta tsaya a haka, biro a kan takarda, har sai da ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi tari. Sannan ta mayar da murfin.

"Ba zan sa ba, Lonnie."

Lonnie ya tofar da tsinkensa. Sanyin muryar nan ya tafi. "Madam, na ɗauko mutum uku da babbar mota. Na yi wa kamfani alkawari. Mijinki ya ci kuɗina. Ba na son kai tsoho kotu, amma wallahi zan kai shi, kuma zan ci."

"Za ka ci, bayan shekara biyu, lauyoyi su raba da kai. Juyo mini bayan takardar."

Ta rubuta da hannunta, manyan baƙaƙe irin na 'yan makarantar sistocin coci. Itatuwan bakin rafi, guda ashirin da ɗaya, don ta sauka ta ƙirga su da kanta ranar Asabar, a kan farashinsu na gaskiya, a cire abin da aka riga aka karɓa. Ta ƙofar gida ba ta ciki. A madadin asararsa, Lonnie da mutum biyu da ya zaɓa su yi farauta a tudun bayan gona shekara biyar. Tudun nan Norbert bai taɓa barin ko Fadan cocinsu ya taka shi da bindiga ba.

"Shekara biyar!" in ji Norbert. "Ai wannan..."

Ta juyo ta dube shi. Ya rufe baki.

Lonnie ya karanta, ya sosa ƙeya, ya dubi tudun, ya dubi bishiyar kamar mai ban kwana da budurwa. "Bakwai."

"Shida, kuma naman cinya ɗaya duk shekara ya shigo kicin ɗina."

Ya sa hannu. Ta sa. Ta miƙa wa Norbert biro. Ya karanta kowane layi da yatsa, sau biyu, yana motsa leɓe, kafin ya rubuta sunansa a ƙarƙashin nata.

Motoci suka juya suka nufi gangaren rafi. Lonnie ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota, ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Madam, ki gafarce ni. Duk gari an san ba kya ƙaunar bishiyar nan. Na ɗauka da gudu za ki sa hannu."

"Ƙi kam na ƙi ta, har gobe," in ji Marcella, tana gyara wuyan rigarta. "Amma daga Afrilu zuwa Oktoba a gindinta yake wuni, yana damun masu wucewa. In ka sare ta, ina kake tsammani zai dawo ya zauna? A kicin ɗina. Ni kuma shekarata saba'in da ɗaya, ba ni da wannan ƙarfin."

Norbert ya ji sarai. Ya buɗe baki zai gyara mata, don a ganinsa tun Maris yake fara zama. Ya dubi biron da ke leƙowa daga aljihunta, ya haɗiye gyaran, ya tambaya ko akwai sauran kofi.